Murjanin wuyan amarya da zafin da ke cinye danginsa a teku

A Kaduna idan aka ce murjani, hankali kan tafi wajen kayan lefe: jan dutsen wuyan nan da ake jerawa a zare, wanda tsofaffi mata ke adanawa a ƙasan adaka tare da zinari da tsakiya. Mai karatun allo ya san shi daga Suratur Rahman, a aya ta 22 inda aka haɗa shi da lu'ulu'u cikin abin da ke fitowa daga teku, da aya ta 58 inda aka haɗa shi da yaƙutu. Littafin Ayuba ma ya lissafa shi cikin abubuwa masu tsada. Har 'ya'yanmu mata muke raɗa wa suna Murjanatu. Duk da wannan sabo, da wuya ka tsaya gaban ɗan koli ka tambayi mene ne murjani a ce maka dabba ce. Dabba ce kuwa, kuma danginta da ke gina manyan tuddai a ƙarƙashin teku suna mutuwa da saurin da ba a taɓa gani ba tun da aka fara aunawa.

Ina da yaƙinin cewa nisanmu da teku bai cire hannunmu daga wannan magana ba. Hannun ƙarami ne, amma yana nan, kuma ya kamata mu san daidai inda yake da inda babu shi, don kada mu zuba ƙarfi a inda ba zai tsinana komai ba.

Kowace ƙwayar murjani 'yar mitsitsiyar halitta ce mai laushi, yawanci ba ta fi ƙwayar dawa ba. Siffarta kamar ƙaramar jaka ce mai baki ɗaya a sama, kewaye da 'yan yatsu masu harbi da take kama abinci da su da dare. Tana jan sinadarin kalsiyam da kabonet daga ruwan teku ta gina wa kanta ƙoƙo mai tauri a ƙarƙashinta, da irin sinadarin da ke cikin alli da ɓawon ƙwai. Sai ta rabu biyu, biyun su zama huɗu, har dubbai su haɗu a jiki guda. Na ƙasa su mutu, na sama su ci gaba da gini a kan ƙasusuwansu. Wanda ya san suri ya fahimci rabin maganar: ƙananan halittu ne suka tara ginin da ya fi su girma ninki ba adadi. Bambancin shi ne gara tana cikin surinta a ɓoye, ita kuwa ƙwayar murjani tana shimfiɗe a fatar ginin. Ran bai wuce kaurin 'yan milimita ba, duk abin da ke ciki dutse ne. Shi ya sa takun ƙafa ɗaya ko faɗuwar ƙarfen tsayar da jirgi ke iya kashe aikin shekaru. Mai rassa kamar ƙahon barewa yakan ƙaru da kusan santimita 10 a shekara idan ya samu yadda yake so. Dunƙulalle mai kama da ƙwaƙwalwa kuwa daga ƙasa da rabin santimita zuwa santimita 2 yake yi. Tudu mafi girma a duniya, wanda ke gefen jihar Kwinsland ta Ostareliya, ya kai tsawon kilomita 2,300.

Abin mamakin shi ne ruwan da murjani ke so ruwa ne garau wanda abinci ya yi ƙaranci a cikinsa. Yadda yake rayuwa a wurin shi ne mabuɗin duk abin da ke faruwa da shi yau. A cikin naman kowace ƙwaya akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, miliyan ko fiye a faɗin santimita ɗaya. Gansakukar tana haɗa sukari da hasken rana kamar yadda ganyen masara ke yi, ta miƙa wa murjanin har kusan kashi 90 cikin 100 na abincinsa. Shi kuma ya ba ta matsuguni, ya bar mata ƙazantar jikinsa ta zama mata taki. Irin zaman da aka sani ne tsakanin manomi da makiyayi bayan kaka: shanu su ci kara da harawa, gona ta samu taki, kowa ya tashi da riba. Launin murjanin ma, ruwan ƙasa ko kore ko ɗorawa, yawancinsa na gansakukar ne. Saboda wannan zama, sharuɗɗan sun yi tsauri. Dole rana ta ratsa ruwan, don haka yawancin tuddan ba sa wuce zurfin mita 50. Dole zafin ruwan ya tsaya tsakanin digiri 23 da 29 a ma'aunin Salshiyas. Dole gishirin ya daidaita, wajen giram 35 a kowace lita, kuma kada laka ta rufe shi.

Waɗannan tuddai ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kimanin kashi 25 cikin 100 na nau'o'in halittun teku suna dogara da su a wani mataki na rayuwarsu. Dalilin a fili yake: sararin teku fili ne fetal, babu wurin ɓuya, tudun murjani kuwa cike yake da ramuka da lunguna inda ƙananan kifaye da kaguwa da jatan lande ke tsira har su girma. Kuma aikin ba na gefe ɗaya ba ne. Kifin da ake kira mai bakin aku yana kankare ciyawar da ke neman rufe murjanin, ya haɗiye da ɓarɓashin dutse, ya fitar da shi farin rairayi. Bushiyar teku ma kiwon ciyawar take yi. An ga abin da rashinta ke jawowa a tekun Karebiyan a 1983 da 1984, lokacin da wata cuta ta kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na baƙar bushiya mai dogayen ƙaya. A wurare irin su Jamaika, inda yawan kamun kifi ya riga ya rage kifayen da ke cin ciyawa, babu sauran mai yin noman, ciyawa ta haye murjanin ta hana 'ya'yansa wurin zama. Ga kuma aikin katanga: bincike ya nuna tudun murjani mai lafiya yana karya kimanin kashi 97 cikin 100 na ƙarfin igiyar ruwa kafin ta isa gaɓa. Har asibiti abin ya kai. Maganin sitarabin da ake bai wa masu sankarar jini an ƙirƙiro shi ne daga sinadaran da aka fara ganowa a jikin wani soson teku na Karebiyan.

A nan dole a faɗi gaskiya ko da za ta rage wa maganar armashi. Kifin kwali da ake sayarwa a Kasuwar Barci ko babbar kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, titus da kote da sauransu, ba daga tudun murjani yake zuwa ba. Kifin sararin teku ne, mai yawa daga ruwa mai sanyi. Kuma duk tsawon gaɓar tekun Najeriya, kilomita 853, babu irin waɗannan tuddai na ruwa mara zurfi. Kogin Kaduna da ya taso daga tsaunukan Jos yana zuba a Kwara kusa da Pategi, Kwara ta haɗu da Binuwai a Lakwaja, su duka su juye ruwan daɗi da laka a Mashigin Gini. Ruwan da ya yi duhu da taɓo, gishirinsa kuma na hawa da sauka tsakanin damina da rani, ba ya raya murjani mai neman rana. Don haka duk wanda ya ce maka ledar da aka jefa a gadar Kaduna ita ke kashe murjanin Ostareliya, ya wuce gona da iri. Ledar tana da laifinta, a magudanan ruwanmu da cikin shanunmu, amma babban makashin murjani wani ne daban.

Zafi ne. Idan ruwan ya ɗara zafin da aka saba gani a watan da ya fi kowane zafi da digiri 1 kacal, ya kuma daɗe a haka, injin haɗa abincin gansakukar yakan lalace, ta fara fitar da sinadarai masu ƙona naman mai masaukinta. Sai murjanin ya kore ta. Da ta fita, namansa ya zama garau kamar gilashi, farin ƙashin da ke ƙasa ya bayyana, tudu guda ya yi fari fat. A wannan mataki bai mutu ba, yunwa yake ji. Idan ruwan ya huce cikin 'yan makonni, gansakukar na iya dawowa, ko da yake zai yi rauni, haihuwarsa ta ragu, cuta ta riƙa kama shi. Idan zafin ya zarce, ya mutu, ciyawa ta lulluɓe ƙashin, igiyar ruwa ta farfasa shi ya koma tsakuwa. Hukumar kula da teku da sararin samaniya ta Amurka, NOAA, tana auna wannan da tauraron ɗan'adam ta hanya mai sauƙin fahimta. Ana tara yawan digirin da ya ɗara ƙa'ida a cikin makonni 12 da suka wuce. Ƙarin digiri 1 na mako 4 ya ba da maki 4, kuma daga nan ake sa ran murjani ya yi fari. Ƙarin digiri 2 na mako 4 ya ba da maki 8, daga nan kuma ake sa ran mutuwa mai yawa.

Sau huɗu ke nan wannan fari na game duniya: 1998, 2010, 2014 zuwa 2017, sai na huɗu da aka tabbatar a watan Afrilun 2024. Daga farkon 2023 zuwa Maris na 2025, zafin da ya isa ya mayar da murjani fari ya taɓa kimanin kashi 84 cikin 100 na tuddan duniya. Tun kafin wannan, tsakanin 2009 da 2018, duniya ta yi asarar kusan kashi 14 cikin 100 na murjaninta. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tazarar. Tudun da ya sha wuya yana buƙatar shekara 10 zuwa 15 kafin masu saurin girma su farfaɗo. Babban tudun Ostareliya ya yi fari a 2016, 2017, 2020, 2022 da 2024. Gonar da fara ke sauka a kanta kafin shuka ta miƙe ba ta kaiwa ga girbi.

Akwai bugu na biyu, wanda ba ya nuna kansa da launi. Teku na shanye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na hayaƙin kabon da muke fitarwa, hayaƙin kuma idan ya narke a ruwa yana ƙara masa tsami. Tsamin ruwan saman teku ya ƙaru da kimanin kashi 30 cikin 100 tun farkon zamanin masana'antu. Hakan na rage kabonet ɗin da murjani ke gini da shi, ginin ya zo da rauni, kamar bulon da aka tauye wa siminti. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi ƙiyasi a rahotonsa na 2018 cewa idan ɗumamar duniya ta kai digiri 1.5 sama da zafin kafin zamanin masana'antu, za a rasa kashi 70 zuwa 90 cikin 100 na tuddan murjani, idan kuwa ta kai digiri 2, fiye da kashi 99.

To ina ruwan mai shuka masara a Saminaka ko mai citta a Kachiya? A watan Afrilun 2024 da aka sanar da farin murjani na huɗu, a cikinsa ne zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Ciwo ɗaya ne ya fito a wuri biyu. Teku ce ke riƙe da kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarin zafin da ke taruwa a duniya, kuma iskar da ke kawo mana damina daga kan Tekun Atlantika take tasowa. Zafin ruwan Mashigin Gini na cikin abubuwan da ke tsara ko ruwan sama zai hauro arewa ko zai tsaya a kudu. Murjani shi ne halittar da ta fi saurin nuna cewa teku ta yi zazzaɓi, kuma mai jiran hadari daga wannan teku bai kamata ya ce ba ruwansa ba. Ga alhazai ma abin ba baƙo ba ne. Tsofaffin gidajen unguwar Balad a Jidda da dutsen murjanin Bahar Maliya aka gina su, haka ma Sawakin ta Sudan, inda kakanninmu masu tafiya Makka a ƙasa suke shiga jirgin ruwa.

Mutane da yawa idan suka ji wannan sai su ce a dasa sabo mana. Ana yi. Ana yanko reshe mai tsawon ɗan yatsa, a rataye shi a igiya ko a wani abu mai kama da bishiya da aka yi da bututun roba a cikin ruwa, a riƙa goge masa ciyawa, bayan wata 6 zuwa shekara a manna shi a jikin tudu da siminti ko gam. Aiki ne mai kyau ga ƙaramin wuri, kuma yana adana iri. Sai dai yana cin kuɗi da hannu, faɗin da ake iya dasawa ɗan kaɗan ne, kuma dashen bai fi na asali jure zafi ba. A bazarar 2023 ruwan kudancin Fulorida ya yi zafin da ya kashe da yawa daga abin da aka shafe shekaru ana dasawa, har sai da aka kwashe wasu aka kai su tankuna a tudu. Dashe ba ya maye gurbin rage hayaƙi.

Kason Najeriya a hayaƙin kabon na duniya bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma nauyin gyara yana wuyan manyan ƙasashe masu masana'antu. Wannan hujja ce mai ƙarfi a teburin tattaunawa, kuma ina goyon bayan a riƙe ta. Amma tana raunana duk lokacin da aka nuna hoton wutar gas da ke ci dare da rana a yankin Neja Dalta. Wata dokar Najeriya ta 1979 ta sa watan Janairun 1984 a matsayin ranar daina ƙona gas a banza. Yau fiye da shekara 40 ke nan, kuma har yanzu muna cikin ƙasashe goma da suka fi ƙona shi a lissafin Bankin Duniya. Wannan gas ɗin shi ne wanda da zai ba da wutar lantarki, ya kuma rage saran itace da gawayi a dazukan Birnin Gwari da Kajuru. A taron sauyin yanayi na Gilasgo a 2021 ƙasar ta yi alkawarin daidaita hayaƙinta nan da 2060, wato wanda take fitarwa kada ya wuce wanda ake shanyewa. Kashe waccan wuta shi ne mafi arha da saurin abin da za ta iya yi, kuma 'yan majalisar da muka tura Abuja daga Kaduna suna da bakin tambaya a kai kamar na kowa.

Akwai kuma murjanin da ba ya buƙatar rana, mai zama a ruwa mai sanyi da duhu, yana tace abincinsa daga abin da ruwa ya kawo. A 2012 jirgin bincike na ƙasar Nowe mai suna Dr Fridtjof Nansen ya gano tudun irinsa a tekun Gana, a zurfin kusan mita 400, tsawonsa ya kai mita 1,400, tsayinsa kimanin mita 70. Mashigin Gini ɗaya muke da Gana. Tun da an kafa ma'aikatar harkokin teku a 2023, ga kuma cibiyar binciken teku da ke Legas tun 1975, aikin farko da ya dace a ba su kuɗinsa shi ne zana taswirar ƙasan tekunmu da na'urar amsa-kuwwa da kyamara, kafin a ba da izinin shimfiɗa bututu, ko haƙa rijiya, ko jan taru a ƙasan ruwa mai zurfi. Tarun da ake ja a ƙasa da faifan ƙarfe yana share ginin dubban shekaru a wucewa ɗaya.

Jan murjaninmu na ado dangin wannan na duhu ne. Ba ya gina tudu, ba shi da gansakuka, a kogunan dutse da gangaren Bahar Rum yake tsirowa kamar 'yar bishiya. Ta hamada ya iso mana, a kan raƙuman ayari daga Tarabulus ta Gadamas da Agadas zuwa Kano, yayin da masarautar Bini ta riƙa samun nata ta teku daga Turawan Fotugal tun ƙarshen ƙarni na 15. Garin Torre del Greco kusa da Nafuli a Italiya shi ne cibiyar sassaƙa shi har yau. Girmansa ne matsalar: kaurin reshe ba ya ƙaruwa da ko milimita 1 a shekara, a wurare da yawa rubu'in milimita ne. Reshe mai kaurin milimita 7 zai iya kai shekara 30. Da can ana jan wani gicciyen katako ko sandar ƙarfe mai raga a ƙasan teku, ya kakkarya komai, a tsinci abin da ya maƙale, sauran ya zube a banza. Tarayyar Turai ta hana wannan a 1994. Yanzu hukumar kamun kifi ta Bahar Rum ta hana cirewa a inda zurfi bai kai mita 50 ba, ta kuma hana yanke wanda gindinsa bai kai milimita 7 ba. Dutsen wuya mai manyan ƙwayoyi, idan na gaske ne, shekarun bishiyoyi masu yawa ne a zare ɗaya.

Shi ya sa da yawa daga abin da ake sayarwa da sunan murjani ba shi ba ne. Wani gilashi ne, wani roba, wani kuma farin murjanin ruwa mai zurfi ne mai gaɓoɓi kamar gora, wanda aka rina ja. Wannan na ƙarshe shi ne asara biyu: mai saye ya biya kuɗin abin da bai samu ba, teku kuma ta yi rashi. Gwajin ba shi da wuya. A jiƙa auduga da ruwan goge jan farce a shafa a bakin hudar ƙwaya. Idan audugar ta yi ja, rini ne. A duba da madubin ƙara girma: na gaske yana da siraran layuka a jere da tsawon reshe, gilashi kuwa yakan nuna 'yan kumfa a ciki, rinanne kuma launinsa yakan taru a tsaga da bakin huda. Allura mai zafi tana shiga roba ta yi ƙauri. Ɗigon lemon tsami yana ɗan tafasa a kan murjani, ba ya yi a kan gilashi, amma wannan bai raba na gaske da rinanne ba, kuma yana cin sheƙi, don haka a wurin da ba a gani kawai ake yin sa.

Shawarata ga masu haɗa lefe da 'yan koli ita ce a daina neman sabon murjani. Mai son jan dutsen wuya ya sayi na gilashi da sunansa na gilashi, a farashin gilashi. Ga masu sana'ar Masaga a Bida da suka gaji narka gilashi tun kaka da kakanni, kuma ciniki zai yi musu amfani. Matafiyi kuma kada ya sayo farin reshen murjani don ado a falo: irin masu gina tudu suna cikin jerin yarjejeniyar CITES, mai taƙaita cinikin halittun da ke fuskantar ƙarewa, da Najeriya ta sa wa hannu, ƙetare iyaka da su sai da takardar izini. Wadda ta gaji na gaske daga uwa ko kaka, ta sa shi bayan ta gama fesa turare, ta goge masa gumi da tsumma mai laushi idan ta cire, ta raba shi da tsakiya a wurin ajiya domin ta fi shi tauri tana karce shi, ta kuma sake masa zare kafin tsohon ya tsinke.